Gyaran Minti Goma

Na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya lokacin da nake alwala a bayan rumfa. Wai aikin lantarkin mota ba wani abu ba ne, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, ka ɗora mita ta faɗa maka ciwon, minti goma ka gama. Madalla da wannan ilimi. Ashe duk shekarun da na yi a nan unguwar Dembe ina shaƙar ruwan batir, rashin wayo ne kawai ya hana ni gamawa da wuri. To tunda yau babu mota ko ɗaya a gareji, ku gyara zama in ba ku labarin wani gyaran minti goma da na taɓa yi, ni Garba, da hannun nan nawa.

Daga Haɗeja na zo garin nan ina saurayi, na biyo wani kawuna mai sayar da yadi. Yadi bai karɓe ni ba, don kullum in na auna sai in ƙara wa mai saye. Da kawu ya gaji sai ya kama hannuna ya kai ni wajen Usta Adum, wani Balaraben ƙasar nan mai gyaran wayar mota a bakin kasuwa. Kayan aikinsa gaba ɗaya ba su cika gwangwanin madara babba ba: sifana lamba goma da lamba sha uku, sukundireba mai karyayyen kai, guntun samfefa, sai ƙwan fitila ɗaya da aka liƙa wa wayoyi biyu. Wannan ƙwan shi ne mitarmu. In ya kama akwai wuta, in bai kama ba babu, in ya yi ja-ja to akwai magana.

Wata uku cur bai bar ni na taɓa komai ba sai mas. Na san a cikinku akwai wanda yake faɗin kalmar bai san ma'anarta ba, don haka ku saurara. Wuta tana fita daga batir ta cikin waya, ta je ta kunna fitila ko ta buga oda, sannan dole ta koma gida. Hanyar komawarta ƙarfen motar ne kansa, ita ce Faransawa suke kira mas. A tsofaffin motocin nan baƙar wayar batir a jikin inji take ɗaure, sannan akwai wata faffaɗar waya mai kama da kitso da take haɗa inji da bodi, can ƙasa inda sai ka kwanta za ka gan ta. Kowace mota ta shigo, ko taya aka zo tambaya, Usta Adum sai ya miƙo mini kwali da samfefa ya ce, "Shif al-mas awwal." Wato duba mas tukuna. Ina kwance a ƙasa mai yana ɗiga mini a ido, ina cewa a raina tsohon nan abu ɗaya kawai ya sani a duniya.

Ya rasu, na gaji rumfar da gwangwanin. Aka fara kira na Usta, wato babban gwani. Na ɗinka doguwar rigar aiki shuɗiya, na sayi mita mai allura a hannun wani ɗan Kusiri, garin da ke tsallaken kogi, na rataya ta inda kowa zai gani. Kwalin kwanciya kuwa na ajiye shi, don ban ga ya dace da mutum irina ba.

Sai shekarar da aka karya darajar sefa, kuɗin ƙasar nan, ta zo. Ku ba ku san ta ba, wasunku ma ba a haife su ba. Kayan gyara suka ɓace daga kasuwa kamar an share, wanda ya rage kuma mai shi ya zauna a kansa yana kallon ka. Gawayin dinamo mai cajin batir, ɗan abin nan da yanzu kuke jefarwa in ya ɗan ci, mu fasa batirin tocila muke yi mu ciro baƙin sandan da ke ciki, mu goga a dutse har ya yi daidai. Dinamo biyu matattu za ka warware ka naɗa ɗaya mai rai. Batir kuwa ya zama dukiya. Mutane suka fara rubuta sunansu a jikinsa da fenti, wani ma da ƙusa yake zanawa. Wutar gari ba ta zama, saboda haka duk mai ƙaramar talabijin da batirin mota yake kunna ta, kuma ba kowa ake tambaya inda ya samo nasa ba. A shekarar nan kowa ɓarawo ne a idon kowa. Mai mota zai tsaya a kanka tun daga buɗe murfin inji har rufewa, ko fitsari ba ya zuwa.

A cikin wannan hali aka kawo mini motar Alhaji Habu na unguwar Amrigebe. Gidansu tsohon gida ne, tun zamanin Faransa suke fataucin goro da fata a garin nan. Motar kuwa ƙirar Faransa ce da ake kira kat-san-kat, irin mai giya a jikin sitiyari, ruwan toka, kujerunta jar fata. Mahaifinsa ya saye ta sabuwa tun garin nan yana amsa tsohon sunansa, kuma tun ranar da ta iso mutum ɗaya ne yake tuƙa ta, Baba Inuwa. Shi ya riƙa kai Habu makaranta a cikinta. Da tsohon ya rasu, Habu ya gaji motar da direbanta, ya ci gaba da kiran sa Baba kamar yadda ya saba tun yana ƙarami. Baba Inuwa dogon mutum ne siriri, ba ya son yawan magana, kullum da tsumma a kafaɗa. In ka jingina da motar nan ba zai ce maka komai ba, sai ya jira ka ɗaga ya goge wurin a gabanka.

Ya ce, "Usta, fitila ce. In mun taso daga kasuwa da magariba, sai ta yi haske kamar za ta fashe, sai kuma ta koma kamar aci-balbal. Allurar caji tana ta rawa. Batir kuma ba ya jimawa, ruwansa ƙafewa yake yi." Sannan ya ƙara da cewa, "A kan kwalta ba ta cika yi ba. Sai mun shiga unguwa."

Na ce, "Baba, kai tuƙi ka sani, waya kuma ka bar mini."

Ku lura da wannan amsar, don irin ta ce na ji a bakinku jiya. Na ɗaure fambel, bel ɗin da yake juya dinamo, na sake gawayin dinamo. Yadda muke gwada fitila da rana, tamfol muke yafa wa gaban motar, ka cusa kai ciki a ba ta wuta kana kallo. Na cusa kai, haske tsaye cak, ko motsi babu. Na ce su tafi, an gama.

Bayan sati biyu suka dawo. Wannan karon na kama regilata, ɗan akwatin nan da yake jikin bodi, wanda aikinsa shi ne ya hana dinamo cika wa batir wuta fiye da kima. Na buɗe shi na goge bakinsa, ban yarda da shi ba, na yi yawo a wajen masu fasa tsofaffin motoci har na samo wani na ɗaura. Tamfol, kai ciki, haske tsaye. Suka tafi, suka dawo. Na sauke dinamon gaba ɗaya na yi kwana biyu ina naɗa masa waya, aiki mai kyau wanda har yau ba na jin kunyarsa, sai dai kawai ba shi ne ba shi da lafiya ba. Za ku tambaye ni ko na duba mas. Na duba mana. Na leƙa daga sama na hango kan wayar kitson a jikin inji yana ƙyalli, na ce ai ga shi nan lafiya lau. Ɗaya kan nata da yake jikin bodi yana can ƙasa, kuma rigata shuɗiya ba a daɗe da wanke ta ba.

Zuwa na huɗu Alhaji Habu da kansa ya zo, cikin babbar riga, Baba Inuwa yana tsaye a gefen mota da tsummansa. Lokacin hantsi ne, makanikai maƙwabta duk suna nan, ga mai shayi, ga masu jiran gyara. Alhaji ya ɗaga murya yadda na can nesa ma zai amfana.

"Usta, ko dai aikin ya fi ƙarfinka ne? Batir na uku ke nan. Ka faɗa mini gaskiya in tsallaka da ita Kusiri, an ce can akwai waɗanda suka iya."

Kowa ya zuba mini ido. Na ɗauko mitar nan tawa mai allura na ɗora, aka ba mota wuta, allura ta tashi ta tsaya inda ya kamata. Na juya ta yadda kowa zai gani, ko da yake babu wanda ya san karatunta a wurin. Sannan na buɗe baki na ce, "Alhaji, ga shi ka gani da idonka, dinamo yana caji. In batir yana mutuwa, to ba a cikin motar nan yake mutuwa ba."

Ban ambaci sunan kowa ba, kuma na daɗe ina kare kaina da wannan. Amma mutum ɗaya ne yake kwana da makullin motar, kuma Alhaji ya juya a hankali ya dube shi. Na kuma san abin da ban faɗa ba. Batirin da aka zuƙe da talabijin sanyi yake mutuwa, ruwansa yana nan. Wanda ruwansa ya tafasa ya ƙafe, wuta ce ta yi masa yawa, a cikin mota kuma ta yi masa. Wannan ko ɗan wata shida a sana'ar nan ya san shi. Na sani sarai, amma mutane suna kallo, sai na zaɓi sunana.

Abin da ya biyo baya a kasuwa aka yi shi, a gaban shagon Alhaji, ba sai an ba ni labari daga nesa ba. Da farko "Baba" ta faɗi daga sunan, ya koma Inuwa kawai. Sannan kalmar ta fito, ɓarawo, a gaban masu ɗaukar kaya da abokan ciniki. Alhaji ya tura 'yan'uwansa biyu gidan tsohon su nemo talabijin. Suka tarar da tabarma, buta da wata rediyo da ba ta magana sai an mare ta. Kun ga ke nan an wanke shi ko? Ina! Sai aka ce ai wannan ya nuna haya yake bayar da batirin a unguwa. Aka sayo sarƙa da kwaɗo aka ɗaure sabon batir a mazauninsa, makulli a aljihun Alhaji. Batir ya mutu a cikin sarƙarsa. Masu hankali suka zauna suka yi nazari, suka gano cewa lallai tsohon ya yanka wani makullin. A masallacin unguwarsu, mutanen da suka yi shekaru suna sahu ɗaya da shi suka fara shiga da takalmansu a hannu in sun gan shi a bakin ƙofa. Ƙarshe Alhaji ya yanke magana: in wani batir ya sake mutuwa kafin Babbar Salla, Inuwa ya ajiye makulli, kuma kowa zai san dalili.

Duk wannan tsohon bai bar aiki ba, bai kuma yi musu da kowa ba. Kullum da safe zai wanke mota, ya kai Alhaji kasuwa, ya zauna a cikinta har yamma, don yanzu ba ya zama a bencin shago. Ni kuwa in na hango ruwan tokar nan ta nufo layinmu sai in tuna ina da aiki a bayan rumfa. Wata huɗu muka yi a haka.

Saura kwana tara Salla, bayan azahar, ana zafin nan da yake narkar da kwalta, sai ga Baba Inuwa ya tsayar da mota a bakin gareji shi kaɗai. Bai fito ba. Ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar gefensa.

"Usta, ba gyara na kawo ba. Shigo ka zauna in tuƙa ka."

Na fara cewa ina da aiki. Ya ce, "Sau huɗu kana duba ta a tsaye. Ni ban taɓa ce maka a tsaye take yi ba."

Na koma na zazzage gwangwanin Usta Adum na ɗauko ƙwan nan mai wayoyi biyu, na bar mita a rataye. Na haɗa shi a ƙarƙashin sitiyari, waya ɗaya a wuta ɗaya a ƙarfen bodi, na riƙe shi a cinya. Na ce ya kunna manyan fitilu. Muka hau titi da rana tsaka fitila a kunne, duk wanda muka wuce sai ya ɗaga hannu yana ihu, "Nur! Nur!" wato fitila, wai yana taimakon mu. Wani mai keke har bin mu ya yi don ya tabbatar mun ji. Baba Inuwa bai ko waiwaya ba. A kan kwalta ƙwan nan yana ci lafiya, har na fara jin daɗi a raina, kun ji irin halin.

Muna sauka kwalta muka shiga layukan Amrigebe, inda damina ta bar ramuka suka bushe, ƙwan ya fara rawa a cinyata. Ya yi fari fat, ya yi ja, ya ɗauke, ya dawo. Mota ta faɗa wani rami, na kai hannu in dafa, sai yatsana ya sauka a kan wayar cok, 'yar sandar nan da ake ja da safe in inji ya yi sanyi. Na fizge hannu, don ta ƙone ni kamar na taɓa murfin tukunya. Wayar cok ba ta da abin da ya haɗa ta da lantarki. In ka ji ta da zafi, to wuta ce ta rasa hanyar komawa gida take bi ta duk inda ta samu. Na ji muryar Usta Adum a kunnena kamar yana kujerar baya.

Na ce, "Baba, tsaya."

Na roƙi kwali a wajen wani mai tebur, na shimfiɗa, na shiga ƙarƙashi da rigata shuɗiya. Na bi wayar kitson da hannu daga inji har inda ta ɗaure a bodi. Noti a sake yake, da yatsa ma yana juyawa. Na share laka da baƙin mai, sai na ji wani abu mai laushi yana lilo. Laya ce, girman akwatin ashana, an ɗinke ta da fata an yi mata kunne mai huda, an zura kunnen a jikin ƙusar da notin yake kai. Na ƙara shafawa na ji wata. Na ƙara na ji ta uku. Ɗaya a ƙarƙashin bakin wayar, biyu a samansa, an sa mas ɗin a tsakiya kamar nama a cikin burodi. Ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe sai in gargada ta girgiza shi ya goga gefen ƙusar. In ya goga fitila ta samu hanya, in ya saki regilata ya rikice ya saki dinamo ya yi ta dafa batir. A tsaye kuma, a ƙarƙashin tamfol ɗina, wayar cok tana ɗauke da kayan a hankali ba wanda ya sani.

Na kwance noti na zare layun, na goge bakin wayar da jikin bodi da samfefa har suka yi fari, na mayar na ɗaure da lamba sha uku. Muka sake bin layin nan, ramin da ya fi kowane zurfi na ce ya faɗa. Ƙwan bai ko ƙifta ba.

Na buɗe tafin hannuna na nuna masa. Ya daɗe yana kallon ɗinkin, don ya san dukawan da suke yi wa gidan Alhaji aiki.

Ya ce, "Ba ni na sa ba."

Na ce, "Na sani, Baba."

"To kai wa mai su."

Bayan la'asar na sami Alhaji Habu a zauren gidansa shi kaɗai. Muka gaisa, na ajiye layun uku a kan darduma a gabansa. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya tashi ya leƙa waje, ya dawo ya zauna kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa. Ashe wata rana wata babbar mota ta kusa murƙushe su a hanyar gada, sai ya je wajen malaminsa ya karɓo ta farko. Malam ya ce a ɗaura ta a jikin ƙarfen motar, inda ido ba ya gani, kuma da hannunsa, kada ko direba ya sani. Sai ya ari sifana, bayan sallar asuba ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi, ya laluba ya sami notin da ya fi sauƙin kwancewa. Ku dai ku kwatanta Alhaji Habu da tumbinsa a ƙarƙashin kat-san-kat. Ba a jima ba fitila ta fara rawa, ya ce lallai masu baƙin ciki sun taso motar mahaifinsa a gaba, ya koma ya karɓo ta biyu. Da gyarana na biyu ya ƙi, ya karɓo ta uku. Ashe tare muke aikin motar nan ni da shi, ni da rana shi da asuba.

Na ce, "Alhaji, abin da ke rubuce a ciki ba ni da ta cewa a kansa, ya fi ƙarfina. Fatar ce kawai ba ta ɗaukar wuta. Zan ɗaure maka su da waya a ƙarfen ƙarƙashin kujera, ƙarfen mota ne shi ma, ido kuma ba ya kaiwa."

Ya ce, "Usta, maganar nan ta tsaya a zauren nan."

Na ce, "Ta layu za ta tsaya. Amma kalmar da aka faɗa wa Baba, a kasuwa aka faɗe ta."

Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Wa ya fara faɗa?"

Amsar kuwa tana zaune a kan dardumarsa da baƙin mai a riga.

Washegari da hantsi muka tsaya a gaban shagon, ni da shi. Na faɗa da ƙarfi, yadda masu ɗaukar kaya za su ji, cewa waya ce ta kwance a ƙarƙashin mota, ita take kashe batir, ni ne ban duba ba, kuma maganar da na yi a gareji ƙarya ce na yi don in rufa wa kaina asiri. Ban taɓa jin nauyin harshena irin na ranar ba. Alhaji ya ciro makulli ya buɗe kwaɗon batir da hannunsa, ya ce, "Baba Inuwa, a yi haƙuri, sharrin Shaiɗan ne." Shaiɗan dai ya saba, duk abin da aka rasa mai ɗauka shi ake ɗora wa. Nan take waɗanda suka gano yankan makulli suka fara rantsuwa cewa su dama tun farko ba su yarda ba. Tsohon ya saurara har aka gama, ya ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Da magariba ya kai Alhaji gida, fitila tsaye tun daga Dembe har ƙofar gida.

Na ɗauka magana ta ƙare, har na yi barci mai daɗi. Kwana biyu bayan Salla sai ga shi a gareji, a ƙafa, babu tsumma a kafaɗarsa. Na jawo masa benci, bai zauna ba. Ya ce ya kai Alhaji Idi ya dawo da shi, ya wanke motar, ya miƙa makulli. Alhaji ya roƙe shi, ya turo dattawan unguwa, har uwar gidan tsohon marigayi ta aiko, ya ce a yi masa haƙuri.

Na ce, "Haba Baba, ai an wanke ka. Kowa ya ji."

Ya ce, "Shi na tsaya jira. Da na tafi tun ranar, da sunan zan tafi." Ya dubi gwangwanin kayan aikina, sannan ya dube ni. "Usta, tambaya ɗaya na zo yi. Ran nan da ka shiga ƙarƙashi, minti nawa gyaran ya ɗauke ka?"

Na so in ƙara, wallahi na so in ce awa guda. Na ce, "Kamar goma, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Goma," in ji shi. Ya yi mini sallama yadda ya kamata, ya tambayi iyali, ya juya ya tafi.

Bai sake riƙe sitiyarin kowa ba. Ya koma sayar da goro a faranti a ƙofar gidansa, ya yi shekaru yana wucewa ta layin nan in zai je sari, kullum sai ya yi sallama na amsa, amma ko sau ɗaya bai sake zama a bencin nan da kuke kai ba. Motar kuwa an gwada direbobi biyu, ɗaya ya kasa giyar sitiyari, ɗaya ya goga ta da katanga, sai Alhaji ya sa aka tura ta ƙarƙashin rumfa a cikin gida. Bayan wasu shekaru ya kira ni in duba ta ko za ta tashi. Tayoyi sun zauna, kaji sun yi ƙwai a kujerar baya. Na ɗora batir na murɗa makunni, fitilun nan biyu suka kama tsaye cak a jikin bango. Gyarana yana nan daram, babu mai tuƙawa.

Saboda haka wanda ya ce aikin minti goma ne, bai yi ƙarya ba, ni shaida ne. Ga mota can ta shigo, na ga mai ita yana nuna fitila. Ka bar mitar a inda take rataye. Ka fara tambayar direban a ina take yi masa, ka rufe bakinka har ya gama. Sannan ga kwali can a jingine, ɗauki ka kwanta.